Tukunyar gidanmu da tansiyon Baba

A wurinmu ba a dafa wa mutum ɗaya. Tukunya guda ce, daga tsoho har yaron da aka yaye jiya kowa a cikinta yake ci. Shi ya sa idan na ji likita ya ce wa mai hawan jini "ka rage gishiri", sai in ce a raina: shi wa? Ai ba shi ke girki ba.

Babanmu ya shekara 3 da tansiyo. Ranar da aka fara auna shi 17/10 aka samu, alhali daga 14/9 ake cewa jini ya hau. Ba ciwon kai, ba jiri, rakiyar wani ma ya je. Aka rubuta masa magani, Inna kuma ta shiga yi masa ƴar miyarsa daban, salam. Ko sati biyu bai yi ba ya ture kwanon. Mutumin da ya saba sa hannu tare da ƙannensa a zaure, yau an ware shi kamar baƙo, ga ƙamshin miyar wasu yana dukan hancinsa! Inna ta ce to shi ke nan, kowa ya bi Malam.

Nan muka gane gishirin ba a ƙoƙon gishiri kaɗai yake ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa huɗu muke marmasawa a miya, sannan a ƙara barbaɗa gishiri. Kanwar da ake jefa wa wake da miyar kuɓewa, ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne a jikinta. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga kifin gwangwani. Shi gishiri ruwa yake riƙewa a jiki, jini ya ƙaru, ya yi ta matsa jijiyoyi, zuciya da ƙoda su yi ta wahala shiru.

Inna ba ta yanke a rana ɗaya ba. Daga huɗu ta koma biyu, sannan ɗaya. Ta cika miya da albasar Galmi, tafarnuwa, citta, tattasai da daddawa. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, ya nuna ba kanwa. Zogale da ganye suka yawaita. Mun yi gunaguni, ni ce ma kan gaba, amma harshe yana sabo. Yanzu in na ci a gidan biki sai in kwana shan ruwa.

Baba ya daina hawa kabu-kabu zuwa kasuwa, ƙafa yake bi, minti 30 da sanyin safiya. Zoɓo yake sha ba sukari. Magani kuwa kullum sai ya sha, ko da awon ya sauko 13/8. Wani maƙwabcinmu da ya ji sauƙi ya ajiye nasa ya koma ga jiƙe-jiƙen masu lasifika, yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, ɗansa na fari ya bar lakkol yana jinya.

Ƴan uwa ɗalibai, abin yana bin jini, kuma ba ya jiran furfura. Ku dubi zamanmu na fada: shayi zagaye uku sukari kamar zuma, sigari, zama tun la'asar har tsakar dare. Watan jiya mu shida ƴan ajinmu muka je aka auna mu. Biyar lafiya lau. Na shidan, ɗan shekara 24 mai buga ƙwallo, 15/9. Malamar asibiti ta ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, ya dawo sau biyu a ranaku dabam. Laraba mai zuwa za mu raka shi na biyun.