Macijin da Muka Kashe a Bayan Akurki

A hutun da ya wuce, lokacin cirar gyaɗa, mu uku muka koma ƙauyenmu da ke kusa da Kaltungo. Wata rana da la'asar sakaliya muka ji wani sauti a bayan akurkin tantabaru, kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Duk ɗan yankinmu ya san wannan ƙarar. Kububuwa ce ke yin ta idan ta nannaɗe tana goga ɓawon jikinta da juna. Ba mu tsaya dubawa ba, muka rufe shi da sanduna.

Sai da muka koma makaranta muka nuna wa malaminmu na ilimin dabbobi hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan macijin mai cin ƙwai ne, ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Ƙwan tsuntsu yake haɗiyewa ɗungurungum, wasu ƙasusuwa masu tsini a maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon. Da yake ba shi da makami, sai ya ari na kububuwa: zanen bayanta, naɗinta, ƙararta, har da kai sara da baki a wangame. Shaho ko tunku ya gani ya ja da baya. Mu kuwa wannan rigar aron ce ta sa muka kashe shi.

Mun ji kunya, amma ba sosai ba. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibitin masu saran maciji na Kaltungo, ya ga jini na tsattsafowa daga dasashi ya ƙi tsayawa, ba zai tsaya ƙirga zane ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar kasa. Muna yi mata ba'ar yawan barci, alhali kwanton ɓauna take yi. Launinta ya saje da busasshen ganye da ƙasa, shi ya sa ba ta gudu in ta ji tafiya, lafewa take yi. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu a 2015 ya nuna ko karnukan da aka horar ba sa iya gano ta da hanci. Wannan dabarar ba don mu aka yi ta ba, don ɓera da tsuntsaye masu farautarta ne. Amma manomin da ya shiga gona da silifa shi ke taka ta.

Da alawus ɗinmu ya shigo, mun haɗa kuɗi mun saya wa Baba takalmin roba mai dogon wuya da tocila. Tocilar ya karɓa da murna. Takalmin kuwa ya ce zafi gare shi, har yanzu yana rataye a zaure.