Cediya cikin kasko

Kowa ya san cediya. A inuwarta ake hira ƙofar gida, ganyenta ake ba awaki da rani. Amma ba kowa ya san yadda take soma rayuwa a daji ba. Tsuntsu ko jemage ya ci ɗiyanta, ya yi kashi bisa giginya. Ƙwayar ta tsira can sama, ta riƙa sako saiwoyi sannu sannu har ƙasa. Saiwoyin su yi kauri, su haɗe, su rungume giginyar, ganyen kuma ya hana mata rana. Sau da yawa giginyar takan mutu, cediya ta gaje wurin. Gamji ma haka yake yi.

A Maradi akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, da yake renon cediya cikin kasko. Iccen da kan kai mita 15 a daji, a hannunsa bai wuce kamu biyu ba, ga gindi da rassa kamar na tsohon icce. Wannan sana'a sunanta bonsai. Daga ƙasar Sin ta fito: an samu zanenta a bangon kabarin wani ɗan sarki na shekarar 706. Mutanen Japan suka ɗauke ta, suka ba ta wannan suna, wato shuka cikin faranti. A Omiya, kusa da Tokiyo, akwai unguwa ta masu bonsai tun 1925.

Dattijon ya zaɓi cediya don tana da jimiri. In an yanke mata reshe sai ta toho, in an rage saiwa sai ta sake wata. Ganyenta ƙanana ne. Na gamji kuwa ya yi faɗi da yawa, ba ya dacewa da ƙaramin icce.

Yara sukan tambaye shi: «Baba, ina kake samun su?» Sai ya ce: «Ban taɓa tono icce a daji ba, ku ma kada ku tono.» Hanyarsa biyu ce. Da damina yakan roƙi maƙwabci reshe mai kaurin yatsa, ya kafa cikin yashi mai laima a inuwa, bayan ƴan makonni ya kama. Ko kuwa ya ciro ƙaramin tsiro daga tsagar katanga ko bakin rijiya, inda da an bar shi sai ya fasa ginin. Ta haka mai gida ya huta, daji bai yi hasara ba. Dattijon ya ga farin 1973 da na 1984, ya san abin da icce ɗaya yake tsare wa gona. Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ƴan Nijar suke dashen itatuwa. Wanda ya dasa da safe ba ya tonowa da marece.

Renon yana son haƙuri. Kaskon sai da huda a gindi, ƙasar kuma yashi ce da tsakuwa da ɗan taki, don kada ruwa ya kwanta. Da bazara yakan ba da ruwa safe da marece. Bayan shekara 2 ko 3 yakan fitar da iccen, ya rage kashi ɗaya cikin uku na saiwar, ya sake ƙasa. Rassa kuwa yana naɗa musu waya tun suna taushi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hunturu ne babban abokin gaba: yana busar da saiwoyin da ke saukowa daga rassa. Don haka yakan zura kowace cikin bututu mai damshin yashi har ta kai ƙasa.

Cediyar da ke shaƙe giginya a daji, ita ce ke bin hannun mai reno cikin kasko. Aikin ba ya ƙarewa a zamanin mutum ɗaya, shi ya sa dattijon yake koya wa jikarsa riƙon almakashi.

Tambayoyi
1. Yaya cediya take hawa giginya?
2. Don mi dattijon ba ya tono icce a daji?
3. Waɗanne itatuwa ne dangin cediya a garinku?