Ranar da na ce "Ku bi shi!"

 Akwai wani abu da ya faru da ni wanda na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin a cikin labarin ni ne aka yi wa sata, amma har yau ni ne nake jin kamar mai laifi.

Shekara biyu na yi ina zubin adashi kafin na sayi babur. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai mahaifiyata asibiti. Wata Asabar da yamma na ajiye shi a ƙofar shagon tela, na shiga karɓar ɗinki. Ban yi minti biyar ba sai na ji an tayar da inji. Ina leƙowa na ga wani saurayi a kansa, har ya hau titi. Na fita da gudu ina ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Aka yi daidai da wata motar sintiri ta 'yan sanda tana tsaye a kusa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Hau baya!" Na haye, direba ya kunna jiniya ya taka mota. Ranar kasuwa ce, titi cike da masu tura baro da yara 'yan talla. Ina ganin mutane suna tsalle suna faɗawa kwata, amma ban damu ba. Dukan rufin motar nake yi ina cewa, "Yallaɓai, ku bi shi! Ku ƙara wuta, zai tsere!"

A kwanar shiga kasuwa ɓarawon ya kurɗa tsakanin keke napep biyu. Motarmu ba ta da wannan damar. Direba ya kauce, sai muka kwashi teburin wata mai ƙosai. Kaskon mai ya kife a ƙafar 'yarta, yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba. Ɓarawon kuwa ya ɓace.

Washegari na je asibiti duba yarinyar. Na durƙusa na gaida mahaifiyarta, na rasa abin faɗa. Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Ɗana, an dai samu babur ɗin?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce, "Allah ya mayar maka da alheri." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana tara aka kira ni ofishin 'yan sanda. An kama saurayin yana ƙoƙarin sayar da babur ɗin a wani gari. Bakaniken da aka kai wa ne ya yi shakka, aka duba lambar inji, ta yi daidai da wadda ke cikin takarduna. Babu gudu, babu jiniya. Na karɓi babur ɗina lafiya lau, madubi ɗaya kawai ya fashe. Yarinyar nan kuwa tabon yana ƙafarta har yau.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina: shin ya dace a bi mutum da gudun mota a cikin jama'a saboda laifin da babu makami a cikinsa, babu kuma ran da ke cikin haɗari?

Da na fara karance-karance, sai na gane cewa an daɗe ana wannan muhawara a Amurka. Jaridar San Francisco Chronicle ta yi bincike ta gano cewa daga 2017 zuwa 2022 mutum fiye da 3,300 ne suka mutu a ƙasar sakamakon irin wannan bi da mota. Fiye da 500 daga cikinsu masu wucewa ne kawai, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mafi yawan bin kuma ya faro ne daga laifin tuƙi ko wani laifi da babu tashin hankali a cikinsa.

Akwai wata shari'a da ta tsaya mini a rai. A 2001, a jihar Jojiya, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Victor Harris ya wuce ƙa'idar gudu. Aka tsayar da shi, ya ƙi tsayawa. Aka bi shi kusan kilomita 16, daga ƙarshe wani jami'i ya bugi motarsa ta baya, ta kauce daga titi ta yi mummunan haɗari. Harris ya shanye, hannu da ƙafa. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke jami'in, alƙalai takwas suka ce Harris ne ya jefa jama'a cikin haɗari da gudunsa. Alƙali ɗaya, John Paul Stevens, ya ƙi yarda. Cikin hujjojinsa har da cewa 'yan sandan sun riga sun ɗauki lambar motar, suna iya janyewa su kama shi daga baya. Da na karanta wannan, lambar injin babur ɗina na tuna.

Mu ma a nan gida mun ga irinsa. A watan Agusta na 2021, motar jami'an kwastam ta kutsa cikin mutane a Jibiya ta jihar Katsina, rayuka suka salwanta. Mutanen garin sun ce masu fasa-ƙwaurin shinkafa ake bi. Buhun shinkafa nawa ne zai biya rai ɗaya?

Ba zan ɓoye muku ba, masu goyon bayan bi suna da hujja. Suna cewa idan ɓarawo ya san ba za a bi shi ba, to an ba shi lasisin gudu. Wani abokina ɗan sanda ya ce mini, "Idan muka tsaya, ku ce mun haɗa baki da ɓarayi. Idan muka bi, ku ce mun yi ganganci. Ina za mu sa kanmu?" Gaskiya ya faɗa, domin ni ma da sun ƙi binsa a ranar, da na zarge su. Birnin Milwaukee na Amurka ya ɗanɗana ɓangarorin biyu. A 2010, bayan mutuwar mutum huɗu da ba ruwansu, aka taƙaita bi sai ga manyan laifuffukan tashin hankali. A 2017 aka sassauta dokar, saboda ƙorafin cewa masu tuƙin ganganci sun daina jin tsoro.

Duk da haka, ga inda na tsaya. Idan mutum yana ɗauke da bindiga, ko ya sace yaro, ko akwai alamar zai kashe wani in aka bar shi, a bi shi, domin barinsa ya fi binsa haɗari. Amma idan abin da ya ɗauka babur ne, ko waya, ko ya ƙi tsayawa a shingen bincike saboda ba shi da takardu, to gudun ya fi laifin muni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta kai kan birki, ya wuce shago da yawa. Wanda zai biya kuɗin wannan gudun kuma sau da yawa ba ɓarawon ba ne, ba mai kayan ba ne. Mai ƙosai ce da 'yarta.

Janyewa ba yafe laifi ba ne. Akwai lambar mota, akwai lambar inji, akwai waya da za a kira jami'an da ke gaba su tare hanya, akwai mutanen unguwa da suka san fuskar kowa. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tawa ranar ta zo bayan kwana tara, kuma da na iya haƙurin jiranta, da wata yarinya ba ta kwanta asibiti ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba direban kaɗai ne ya taka motar nan ba. Muryata ma ta taka. Mu matasa mu ne kan gaba wajen ihun "a bi shi", mu ne muke hawa babura mu rufa wa ɓarawo baya, wani lokaci har abin ya kai ga ɗaukar doka a hannu. Muna faɗa da baki cewa ran mutum ya fi dukiya, amma ba a sanin ko mun yarda da hakan sai ranar da dukiyar tamu ce take tafiya a kan titi.

Shawarata gare ku ita ce, yau ɗin nan ku rubuta lambar injin babur ɗinku da lambar IMEI ta wayarku, ku ajiye a gida. Idan aka yi muku sata, ku kai rahoto, ku ba da lambobin, ku bi sawu da haƙuri. Idan kuma kun sami kanku a bayan mota kamar yadda na samu kaina, ku dubi bakin titi kafin ku buɗe baki.

Har yanzu nakan tsaya wurin Mama in sayi ƙosai. Yarinyar takan gaishe ni da fara'a, ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu." Ba ta san ni ne mai dukan rufin motar ba. Ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin halin gaya mata wata rana.