Milkshek Ɗin Da Na Rubuta Ban Taɓa Sha Ba

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, asirin kaina zan tona, don masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Waɗanda suka karanta littafina na biyu, wanda na rubuta a 2006, wataƙila za su tuna wurin da saurayi ya kai tauraruwar labarin wani katafaren gidan cin abinci a Abuja, aka kawo mata milkshek na sitiroberi a dogon kofin gilashi. To wallahi lokacin da na rubuta wurin nan ban taɓa ganin milkshek da idona ba, balle in kai shi baki. A wani littafin na tsinci sunan, ya yi mini daɗi, na ɗauka. Mu marubutan lokacin haka muke, kana zaune a Tambuwal kana fifita da mafici, amma alƙalaminka yana Dubai.

Shekara goma sha takwas ba wanda ya tanka mini, sai ana gab da azumin 2024 autata, 'yar shekara goma sha uku, ta zaƙulo littafin a cikin akwati. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ta tuntsire da dariya, ta fito da littafin a hannu ta ce, "Mama, wai a nan kin ce tururi yana tashi daga kofin, har tana hurawa kafin ta kurɓa. Milkshek fa da ƙanƙara ake yin shi!"

Kai jama'a, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni a zatona ɗan uwan shayi ne, tunda na ji an ce da madara ake yi. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne maganar da ta biyo baya, da ta ce ita dai tana son ta sha irin abin da 'yan gayu suke sha, ta gaji da fura kullum kamar 'yar ƙauye. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna a duk littattafaina ba inda na taɓa ba tauraruwa fura. Mai aiki da tsohuwar ƙauye kawai nake ba. To wa ya koya wa yarinyar nan raini in ba ni ba?

Na yi mata alkawarin idan ta kai azumi goma ba ta sha ko ɗaya ba, zan haɗa mata da hannuna. Na shiga bincike a waya, na tarar abin ba wani sihiri ba ne: ludayi uku na askirim, rabin kofin madara mai sanyi, da sitiroberi cikin tafin hannu, a zuba a bilenda a markaɗa na ɗan lokaci kaɗan. Kaurin nan da ake yabo, wanda sai an ja da ƙarfi yake hawa bututun zuƙa, daga sanyi da maiƙon madara da iskar da ta shiga ciki yake zuwa. Har na karanta cewa Ray Kroc, wanda ya mayar da McDonald's gagarumin kamfani, injin kaɗa milkshek yake tallatawa lokacin da ya je shagon 'yan uwan nan biyu a Kalifoniya ta Amurka a 1954. Na ce ikon Allah, ashe kaɗa madara ma sana'a ce mai kai mutum nesa.

Matsalar ita ce sitiroberi. Ɗan itacen nan sanyi yake so, shi ya sa a ƙasar nan a tsaunukan Filato ake noma shi, wajen Chaha da Vom, kuma lokacin hunturu ya fi yawa. Mu kuwa a watan Maris zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Na roƙi wani ɗan uwan maigidana da yake fatauci zuwa Jos ya sayo mini roba biyu. Sai da suka ratsa Zariya, Funtuwa, Gusau da Sakkwato kafin su iso Tambuwal, kwana biyu a hanya. Da na buɗe, rabi sun narke sun yi ruwa, wasu har sun fara furfura. Da ƙyar na tsinci guda goma sha biyu masu rai.

A daidai kwanakin ne Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kebbe don ta yi azumi tare da mu, da ƙullin magarya da garin 'ya'yan kuka a cikin kayanta kamar yadda ta saba. Tana kan tabarma da carbi tana kallon hidimar da nake yi, ba ta ce uffan ba.

Askirim mai kyau sai an je Sakkwato, kafin ya iso kuma ya zama ruwa, don haka na dama madarar gari da kauri na sa a firij tun safe. La'asar na yi aka ɗauke wuta. Na aika a sayo ƙanƙara, aka tayar da janareto, na zuba komai a bilenda. Garin son in burge, na bar injin yana ta juyi har ƙanƙarar ta narke. Abin da na tsiyaya a kofi tsararo ne, fari-fari da ɗan ja, ga saura minti ashirin a sha ruwa. Auta ta leƙa kofin, ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla. Yarinyar da ta kai azumi goma cikin wannan zafi!

Nan ne Inna ta ajiye carbi ta ce, "Wanga shi na abin da kunka kwana kuna shiri? Ke, miƙo min ƙwarya da maburgi."

Ta sa aka ɗauko kindirmon da muka saya wurin Bafillatanar da take kawo mana, wanda yake cikin randa tun hantsi. Ta ɗauki sitiroberi biyar da suka rage ta murƙushe su da sukari a bayan ludayi har suka fitar da ruwa, ta barbaɗa garin kuka kaɗan don kauri, ta tsiyaya ɗan jiƙon zoɓo don launi. Ta ce in da madara ce zoɓon zai tsinka ta, amma kindirmo ya riga ya yi tsaminsa, ba abin da zai same shi. Ta sa sauran ƙanƙarar a tsumma ta daddaka, ta zuba, sannan ta kama maburgi tsakanin tafukanta tana murzawa. Kafin ladan ya kira salla, kumfa ta taso, abu ya yi kauri, launinsa kamar na hoton da Auta take nuna mini a waya.

Auta ta karya da dabino, ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kofi. Ta ce, "Inna, wallahi ya yi daɗi! Mene ne sunansa?" Inna ta ce, "Nono na, ɗiyata. Tun kakanninmu shi muka kaɗawa, ba mu dai sa mai sunan Turawa ba."

Ba zan yi muku ƙarya a karo na biyu ba: daga baya na sha na gidan cin abinci a Sakkwato, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne. Nasu ya fi zaƙi da santsi, na Inna yana da ɗan tsami mai kama harshe. Amma tun daga ranar muke yin namu, wani lokaci da mangwaro, wani lokaci da jiƙaƙƙiyar magarya da aka tace, kuma Auta ce take riƙe maburgi.

A littafin da nake rubutawa yanzu, tauraruwar likita ce, kuma idan ta dawo daga aiki fura take damawa. 'Yan uwana marubuta, kafin mu sa wa taurarinmu abu a baki, mu fara ɗanɗana shi, don 'ya'yanmu suna karantawa. Wanda kuma yake da tsohon littafin nan nawa, don Allah ya sa biro ya soke mini tururin nan.