Ɗingishin Da Ke Kama Kifi

Wannan makon za mu leƙa bakin ruwa a ƙasar Amurka, saboda wata tambaya da ta daɗe tana yi mana yawo a rai: me ya sa kifi zai bar abinci na gaske yana iyo a gabansa, ya kai wa guntun katako ko roba cafka, kuma ya fi kai wa wanda tafiyarsa ba ta da tsari?

Kifin da muke magana a kai sunansa bas, musamman nau'in nan mai faɗin baki. Mafarauci ne. Yakan laɓe a gindin kututture ko dutse ko cikin ciyawar ruwa, in ƙaramin kifi ya gifta sai ya wage baki ya zuƙe shi har da ruwan. Amurkawa sun mayar da kamunsa wasa mai gasa da kyautar kuɗi, kuma a manyan gasanninsu ba a yarda a sa tana ko kifi mai rai a ƙugiya ba, dole sai abin bogi. Cikin kayan bogin akwai wanda suke kira kirankbet. Ɗan kifi ne na katako ko roba, tsawonsa kamar yatsa, ga ƙugiyoyi biyu masu baki uku-uku a rataye a cikinsa da wutsiyarsa, ga kuma wani leɓe da ya turo ta gaba. Ana jefa shi nesa, sannan a riƙa naɗo zaren da na'urar da ke jikin sandar fatsa. Ruwa na dukan leɓen nan sai ya nutse, jikinsa na kaɗawa dama da hagu. Dogon leɓe na kai shi ƙasa sosai, gajere kuwa yana barinsa kusa da saman ruwa.

Yawancinsu tafiyarsu miƙe take, kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Amma akwai waɗanda suna cikin tafiya sai su fizge gefe guda, su dawo hanya, can kuma su fizge ɗaya gefen, ba wanda ya san lokacin da za su yi, har shi mai riƙe da sandar. Masuntan can suna cewa irin wannan yana farauta. Shi ne kamfanoni ke tallatawa kamar laya, shi ne kuma muke son mu auna gaskiyarsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1936, wani talakan masunci a ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya lura da wani abu a tafkin da yake neman abincin iyalinsa. In manyan kifaye suka faɗa wa garken ƙanana, wanda ke iyo a karkace saboda rauni shi ake fara ɗauka. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta cakulan, ya narkar da tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya koyi ɗingishi. A watan Agusta na 1962 mujallar Life ta buga labarin kifin bogin nasa, a fitowar da ke ɗauke da labarin mutuwar Marilyn Monroe, wadda mutane suka yi rububin saye. Daga nan sunan Rapala ya cika Amurka.

Masana ma sun taɓa wannan batu. A 1986, wasu masu bincike biyu, Landeau da Terborgh, sun zuba wa bas ƙananan kifaye don su ga yadda yake kamu. In kifi ɗaya ne, nan da nan yake cafke shi. In garke ne, sai idonsa ya rarrabu ya rasa wanda zai bi. Da suka rina ɗaya ko biyu da shuɗi a cikin garken takwas, sai kamun ya yi masa sauƙi ƙwarai. Da garken ya kai goma sha biyar kuwa, rinin bai ƙara masa komai ba. Launi suka gwada, amma darasin ya shafi motsi: mafarauci na neman abin da zai tsayar da idonsa a kai, kuma wanda ya fita daga sahu shi ne ya kira ido. Ƙari a kan ido, kifi na da wani layi a gefen jikinsa, daga kai har wutsiya, wanda ke jin motsin ruwa. Ko a ruwa mai laka, bas na jin kaɗawar kifin bogi, yana kuma jin lokacin da kaɗawar ta canza.

Mu dai gani ne ya kori ji. Lokacin da karatu ya kai mu jihar Misuri, wani dattijo maƙwabcinmu ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji zuwa tafkin Table Rock, a watan Maris, sanyi bai gama sakin ruwa ba. Mu da muka tashi da sanin cewa fatsa ita ce ka soka tana ka zauna kana jiran Allah ya kawo rabo, sai muka ga mutum ba ya zama ko na minti ɗaya, jifa da naɗi kawai. Ya buɗe akwatinsa ya fito da wani ɗan kifin bogi mai ƙiba, ja-ja, fentinsa duk ya kankare da haƙoran kifi da goga dutse. Ya ba mu sabo fil mai kama da shi sak, shi ya ɗaura tsohon. Ya ce mu sake zare kaɗan mu ja su a gefen kwale-kwalen mu gani. Namu ya taho a miƙe, yana kaɗawa kamar agogo. Nasa ya taho kaɗan, ya yi tsalle hagu, ya dawo, ya sake tafiya, ya kauce dama. Kafin la'asar ya fi mu kamu nesa ba kusa ba. Ba mu ɗora duka a kan abin bogin ba, domin mutumin ya shekara fiye da talatin yana bin gaɓar nan, ya san kowane dutse. Amma abu ɗaya muka riƙe: sau biyu kifinsa ya maƙale a dutse, sau biyu yana juya kwale-kwalen ya je ya ciro shi da wata doguwar sanda. Da namu ya maƙale, cewa ya yi mu tsinke zaren kawai, akwai wani.

Sunan abin Wiggle Wart, kuma labarinsa ne ya fi ba mu mamaki. Kamfanin Storm na jihar Oklahoma ne ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970. Abin zubin da ake ƙera shi da shi bai cika daidaito ba, ɓarin jikin biyu ba sa haɗuwa cif, don haka kowane ɗaya da irin tafiyarsa. Wasu ba su da amfani sam, wasu kuwa sai su fito da wannan fizgar. A tafkunan tsaunukan Ozark, inda bas ke cin wani jatan lande mai almakashi irin na ƙaguwa, wanda in ya tsorata yake zabura da baya a kan duwatsu, fizgar nan ta zo daidai da abincin. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Rapala ya sayi Storm, aka gyara ƙira, kowane ɗaya ya riƙa fitowa daidai da ɗan uwansa. Masunta suka ce an kashe shi. Tsofaffin da ake saye da 'yan daloli suka koma kayan nema, ana cinikinsu a intanet da ninkin-ba-ninkin kuɗinsu na da, har daga baya kamfanin ya dawo da tsohuwar ƙirar. Da tsohuwar zuma ake magani. A 2013 kuma Rapala ya fito da Scatter Rap, mai lanƙwasasshen leɓe da aka ƙera musamman don ya riƙa kaucewa. Abin da a da aibin masana'anta ne, yanzu injiniyoyi ke zama su tsara shi.

Sai dai a lura, ba kowace karkata ce farauta ba. Kifin bogin da ya lalace yakan ja gefe ɗaya ya zarce, har ya kife ya taso saman ruwa, kuma ba abin da ke kula shi. Irin wannan sai an sa filaya an ɗan lanƙwasa zoben da ake ɗaura zare a kai kafin ya dawo hanya. Mai farauta na gaske yana da tsarin tafiya, yana karya tsarin na ɗan lokaci, ya koma kansa. Ba don tsarin ba, da kaucewar ba ta zama labari ba. Masunta da yawa sun shaida cewa bas kan bi abin bogi a baya yana kallo, kamar mai taya kaya bai yanke shawara ba. Da zarar abin ya fizge, sai ya ga kamar abinci zai kuɓuce, ya kai cafka kafin ya yi tunani.

Wannan ne ya sa ƙwararru ba sa jiran masana'anta ta ba su fizga, da hannunsu suke yin ta. Sukan dakata da naɗi na daƙiƙa ɗaya, ko su ƙara sauri farat ɗaya. Mafi girma kuma, sukan buga abin da gangan a jikin kututture ko dutse. Akwai nau'in da leɓensa ke da kusurwa huɗu, in ya daki itace sai ya yi tsalle gefe maimakon ya maƙale, kuma a daidai wannan tsallen ake yawan samun cafka. Kevin VanDam, wanda ya ci babbar gasar Bassmaster Classic sau huɗu, ya ci ta 2011 a fadamun Luwiziyana da kifi mai nauyin fam 69 da oza 11 cikin kwana uku, wato sama da kilo 31, kuma irin wannan mai leɓe mai kusurwa na cikin manyan makamansa, yana karo da shi a kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. A 2004 ma, Takahiro Omori ɗan Japan ya ci gasar da kirankbet na katako mara nauyi, ya kama kifayen da suka ba shi nasara a mintunan ƙarshe.

To yana aiki ke nan? Yana yi, amma da sharaɗi. Ya fi ƙarfi inda ruwa bai cika zurfi ba, ga duwatsu ko itatuwa, kifi kuma na cikin halin farauta. In ciyawa ta yi kauri, ƙugiyoyin nan shida sai su kwaso ta, tafiyar ta mutu. In sanyi ya yi tsanani ruwa kuma ya yi garau, masunta da yawa kan koma ga siririn kifin bogi mai kaɗawa a hankali, ko tanar roba da ake ja a ƙasa sannu-sannu, domin kifin da jikinsa ya mutu ba ya bin abin da ke zabura. Fizgar kanta takan sa kifi ya kai hari ya kuskure, ko ƙugiya ta kama shi a gefen baki ya girgiza kai ya yar. Kifin bas mafi nauyi da aka rubuta a tarihi, mai fam 22 da oza 4, George Perry ya kama shi a Jojiya a 1932 da kifin bogi na katako. Amma wanda ya kamo shi a nauyi, a tafkin Biwa na Japan a 2009, da kifi mai rai Manabu Kurita ya yaudare shi.

Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Masu wasan bas sukan saki abin da suka kama, don haka kifi ɗaya kan ɗanɗani ƙugiya fiye da sau ɗaya, kuma a tafkin da jama'a suka yi wa yawa, abin da ya ci kasuwa bana yakan yi sanyi baɗi. Wani dogon bincike da David Philipp da abokan aikinsa suka yi a tafkin Ridge na jihar Ilinoyi, aka buga a 2009, ya nuna abin ya wuce koyo. Sun ware bas masu saurin faɗa wa ƙugiya da waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, suka bar kowane kashi ya hayayyafa daban, sai ga shi 'ya'ya da jikoki sun gaji halin iyayensu. Wato inda ake kwashe masu garaje ana ci, masu taka-tsantsan ne ke barin baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, har a cikin ruwa.

Bas ba kifin kogunanmu ba ne, amma muna da ɗan uwansa a hali, wato giwan ruwa, wanda shi ma mafarauci ne mai zuƙe ƙananan kifaye. A tafkin Nasser na Masar, masu kamun nishaɗi na jan manyan kifayen bogi masu leɓe a bayan jirgi don kama shi. Masuncinmu mai taru da birgi da mamari abinci yake nema, ba zai zuba kuɗin cefanen kwana biyu a guntun robar da dutse zai iya riƙewa ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ilimin da ke cikin robar ba baƙo ba ne a wurinsa, ko a wurin makiyayi: kura ba ta bin tsakiyar garke, mai ɗingishin da ke baya take jira.

Da za mu sauka daga kwale-kwalen ranar nan, mun tambayi dattijon ko zai sayar mana da tsohon nasa. Ya yi dariya, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar akwati ya rufe. Ya ce cikin guda goma sha biyu da ya saya a shekarar da aka haifi ɗansa na fari, uku ne kawai suka iya ɗingishi, biyu kuma suna can ƙasan tafki.