Jagora biyu a Giranada, da abin da na gano game da ajina

Bara Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar Sifaniya, wajen wani taron malamai na kwana biyar. Da aka tashi sai na ware kwana biyu don in ga Giranada, birnin da ya zama daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, har zuwa 2 ga Janairu 1492 da Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela suka karɓe shi. Tun ina makarantar horar da malamai nake jin sunan Alhamra, jar fadar da ke bisa tudu, na ce ba zan koma Damagaram ban sa ta a ido ba.

Shiga fadar ba a yin sa da ka. Ana sayen tikiti tun da wuri, an rubuta sa'ar da za ka shiga ɗakunan sarakuna, kuma sai ka nuna fasfo a ƙofa. Na biya kuɗin jagora, kusan jika talatin in an mayar da shi sefa, abin da ya sosa mini aljihu. Mu wajen ashirin ne, kowa an rataya masa ɗan rediyo da abin sawa a kunne. Jagoran saurayi ne, ya san aikinsa. Ya gaya mana zakunan dutse 12 ne ke ɗauke da kwamin ruwa a Farfajiyar Zakuna, ginshiƙai 124 ne suka kewaye ta, kuma Sarki Muhammadu na Biyar ya gina ta a ƙarni na 14. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Amma kafin ka ɗaga kai ka dubi abin da ya faɗa, ya riga ya wuce ɗaki na gaba. Na tsaya ina karanta rubutun Larabcin da ke jikin bango, taken gidan sarautar da ke cewa rinjaye na Allah ne shi kaɗai, sai na ji muryarsa tana yankewa a kunnena, alamar an bar ni a baya. Awa uku muka yi. Na fito da hotuna fiye da ɗari, kaina kuwa fayau.

Kashegari na bi wata dattijuwa mai zagaya da baƙi a ƙafa cikin Albaisin, tsohuwar unguwar da ke fuskantar fadar, mai lunguna kamar na Birni. Ita ba ta yanke farashi, in an gama kowa ya ba da abin da ya ga dama. Ta kai mu dandalin San Nikolas, inda ake hango Alhamra baki ɗaya da duwatsun Siyera Nebada a bayanta. Sai ta ce: "Jiya kun ga ruwa yana gudu ko'ina cikin fadar. Ga ta bisa tudu, ga kogin Daro can ƙasa. Yaya ruwan ya hau?" Ta yi shiru. Wani ya ce bayi ne suke ɗiba, wata ta ce rijiya. Ni da na tashi inda ake sammakon layin famfo, tambayar ta kama ni ƙwarai. Na dubi kwarin, na ce ko daga sama suka taro shi. Ta yi murmushi ta ce haka ne: tun ƙarni na 13 aka datse kogin wajen kilomita shida can gaba, inda ya fi fadar tudu, aka janyo shi ta magudana a gefen dutse yana gangarowa a hankali har cikin lambuna. Yau ko cikin barci aka tashe ni, zan zana wannan magudana a allo.

A jirgin dawowa ne abin ya dame ni, don na gane kaina a cikin saurayin nan. Shekara kusan ashirin ina koyar da tarihi. In rubuta taƙaitawa a allo, yara su kwafa a kaye, su haddace, su mayar mini ranar jarrabawa. Ina gudu don in gama manhaja, wanda aka bari a baya kuwa muryata ta yanke masa, ban ma waiwaya ba. Na koyar da labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa sau da yawa, amma ban taɓa kai aji ɗaya Birni ba, alhali tafiyar ƙafa ce daga lakwal ɗinmu.

Bana na nemi izinin darakta, iyaye biyu suka raka mu. A gindin ragowar ganuwar na danne bakina, na ce: "Me ya sa ƙasanta ya fi samanta kauri?" Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ce haka babanta yake gina katanga don kada ta faɗi da damina.

Malamai ƴan'uwana, da ku iyaye, in Allah ya kai ku irin waɗannan birane, ku nemi jagoran da ke tambaya yana jiran amsa. Kafin nan kuma, mu yi wa yaranmu irin wannan jagoranci a inda muke.