Daren Hartum da Matan Shayi

In ana hira a gidan biki ko suna aka ce wance ta dawo daga ƙasar waje, tambayar farko me ta sayo, ta biyu kuma ina da ina aka kai ta yawo. To yau ni ma zan ba ku labarin nawa yawon na ƙasar Sudan, don akwai abin da na gani a can da nake so kowacce mace ta ji.

A farkon shekarar 2018 ne, ana cikin sanyi, muka tashi daga Kano ni da Maigidan da Gwaggonsa za mu gano danginsu a Mai Wurno. Garin yana bakin kogi kudu da Sinnar, kuma mutanenmu ne suka kafa shi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a har suka zauna a can. Ita Gwaggo so take daga sauka a Hartum mu wuce, Maigidan ya ce, "Haba Gwaggo, ki bar yarinyar nan ta buɗe ido ko na kwana uku ne." Ta ce, "To ku je, ni dai ƙafata ba ta yawo."

Da rana mun ga abubuwa. An kai mu Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga wajen Uganda yake haɗuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga Habasha, ki ga ruwa biyu kowa da launinsa suna tafe tare kafin su gauraye. Muka ƙetara gada zuwa Umdurman muka ziyarci ƙubbar Mahadi, wanda ya ƙwace Hartum a 1885. Ranar Juma'a da yamma muka je zikirin Ƙadiriyya a Hamad al-Nil, ga ganguna ga hayaƙin turare ga masu koren riguna da ja, sai da na tuna bandirin gida. Kasuwar Umdurman kuwa, 'yar uwa kada ki shiga da kuɗin cefane! Ga laffaya, ga humra, ga dilka, ga itacen turaren wuta, duk abin da ake kawo mana Kano a ninka mana kuɗi ga shi nan jibge.

Amma dare shi ne labarin. Da na ji an ce za a fita yawon dare gabana ya faɗi, don a wajenmu macen kirki da yawon dare ba sa haɗuwa. Maigidan ya yi dariya ya ce, "Sa mayafinki kawai." Bayan sallar isha muka nufi titin bakin Nilu. Wallahi ban ga gidan rawa ko mashaya ba, domin tun 1983 aka hana giya a ƙasar, kuma a lokacin dokar tana nan daram. Abin da na gani kujerun roba ne jere bakin ruwa iyakar ganin ido, magidanta da matansu da 'ya'yansu, ɗalibai, tsofaffi da jallabiya da rawani, kowa da ɗan kofin gilashi a hannu. Can gefe ana gasa wani nama da ƙuli da yaji. Na tambayi sunansa aka ce agashe. Na ce, "A gashe? Ai wannan tsirenmu ne!" Ashe Hausawa ne suka kai shi, sunan ma bai sake ba.

Kowacce da'irar kujeru da mai ita, kuma mace ce. Sittat ash-shai suke ce musu, wato matan shayi. Tana zaune kan 'yar kujera, gabanta kurfoti da gawayi da butoci, ga kwalabe jere na citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a da zoɓorodo. In kina son gahawa ta dafa miki da citta ta zuba a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana, ta haɗo da garwashi da turare a kasko ta ajiye gabanki. Wadda muka zauna wajenta ta ji muna Hausa sai ta ɗago ta ce, "Sannunku da zuwa, mutan gida." Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta tangaran. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Na ce, "Yaya, ba kya tsoron dare?" Ta ce, "Ƙanwata, dare ba ya cizo, yunwar yara ce take cizo." Ta ce abin tsoronsu ɗaya ne, kasha, wato samamen hukuma, a kwashe butoci da kujeru sai an biya tara. Saboda irin wannan ne wata mai shayi, Awadiya Mahmud Koko, ta haɗa kan matan suka yi ƙungiya, har aka karrama ta a Amurka a 2016.

Kwana uku suka cika muka hau mota muka bi ta Wad Madani, gonakin Jazira dama da hagu, muka wuce Sinnar mai madatsar ruwan da aka gama a 1925, muka isa Mai Wurno. Gwaggo da 'yar uwarta da ba su taɓa haɗuwa ba suka rungume juna suna kuka. Sati uku muka yi. A nan gida ɗaya sai ki ji Fillanci da Hausa da Larabci. Da rana a ci kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, da dare a fito da gadajen igiya tsakar gida, ba ƙarar mota, sai hira da taurari.

A wannan hirar ne wata dattijuwa maƙwabciya ta nuna mini ɗakinta mai sabon rufin kwano ta ce, "Ɗiyata, kin ga wannan? Shayi ne ya yi shi." 'Yarta tana sayar da shayi a Hartum, ita ke aiko da kuɗin magani da na makarantar jikoki. Nan na gane daren da na sha daɗinsa a birni da wannan shirun na ƙauye igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma a hannun mace take.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Danginmu suka gaya mana a waya cewa 'yan birni sun cika ƙauye, ɗakin mutum biyu ya koma na goma, kuma 'yar dattijuwar nan ta dawo da butarta ta kafa kurfoti a ƙofar gida. A 2024 faɗan ya bi su har jihar Sinnar.

To 'yar uwa, ke da kike jin kunyar a ce kina soya ƙosai ko dafa zoɓo, ki sani mai albashi ya gudu ya bar ofis, mai kanti ya bar kanti, ita kuwa ta ɗauki sana'arta a ka ta tafi da ita. Ke kuma da kike ƙin zuwa ƙauyen mijinki don ba wuta ba famfo, ki je ki gaida su tun ana zaune lafiya, kada sai wuya ta kai ki.

Allah Ya kawo wa Sudan sauƙi, Ya rufa wa matan shayi asiri duk inda suke, mu kuma Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Taku har kullum.